Tumatir ɗina na mutuwa a marka, me zan iya shukawa kafin ruwa ya ɗauke?

Maman Hibba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da ruwa. Dan Allah masu sanin harkar shuke-shuke ku taimaka min da shawara don wallahi tun safe raina a ɓace yake. A cikin garin Katsina nake, bayan ɗakina akwai ɗan fili tsawonsa bai fi taku goma ba faɗi kamar shida, to bana sai na ce bari in gwada ko na huta da sayen kayan miya tunda kowa ya san yadda tumatir ke gasa mana aya a hannu da damina. Farkon Yuli na dasa tumatir gindi 18 da attaruhu 6, na shuka kuɓewa layi biyu, yakuwa da rama a jikin katanga, sai kabewa guda ɗaya da ta fito da kanta a inda muke zubda shara, abin haushi ita ce ma ta fi kowa lafiya don yanzu haka ta haye rufin kicin.

Da farko abin gwanin sha'awa, har hoto nake ɗauka ina tura wa 'yan uwana ina musu yanga. Tunda marka ta kankama a Agustan nan komai ya juye. Ganyen ƙasa ya fara yin rawaya da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, ya bushe, abin yana ta hawa sama. Guda huɗu kuma ko rawayar ba su yi ba, da safe na gan su kore shar, kafin la'asar sun yi yaushi kamar an kwara musu ruwan zafi alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. 'Yan 'ya'yan da suka fara nuna duk sun tsattsage wasu na ruɓewa a jiki. Maigidan ya ce in tuge komai in huta tunda dama sauro kawai nake tara mana, ni kuma zuciyata ta ƙi.

Abin da nake son sani, tumatir ɗin nan zai farfaɗo ko in haƙura da shi, kuma in na tuge akwai abin da zan iya shukawa yanzu da muke ƙarshen Agusta ya yi kafin ruwa ya ɗauke, ko shi ke nan sai baɗi? Ba mu da rijiya ba mu da bohol, famfo sai ya ga dama, yawanci 'yan garuwa muke saya.

Ɗan Lambu

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kada ki ɗora ma kanki laifi, ba hannunki ne bai da kyau ba, tumatur ne bai son marka, maganar ke nan. Mu nan wajen Ƙofar Marusa tun muna yara muke bin tsohonmu lambu, kuma ba ki ganin mai hankali ya zuba duk ƙarfinshi ga tumatur na damina. Ki dubi kasuwa mana, mi ya sa yake tsada tun daga Yuni har Satumba? Don ba ya yi ne. Lokacinshi sanyi, in ya yi fure cikin hunturu sai ya riƙe ɗiya, shi ya sa Janairu da Fabrairu za ki ga kwando ya faɗi warwas har ana yankawa ana shanyawa a yi kauɗa.

Waɗannan huɗun da sunka yi yaushi ki tuge su yau ba gobe ba, da saiwar da ƙasar da ta manne mata, ki fidda su daga gidan baki ɗaya, kada ki jefa su ramin taki. Masu ɗigo a ganye in samansu na da rai kina iya ɗan jansu. Ki tsinke duk ganyen da ke ƙasa-ƙasa kamar ɗani ɗaya da rabi daga gindi, ki kafa masu sanda ko kara mai ƙarfi ki ɗaure da tsumma, ba igiyar leda ba don tana yanka jiki, dalili kau ruwan sama in ya bugi ƙasa ya fantsama ga ganye shi ke ɗauko cutar ya kai sama. Kuma ki yi tsinkar da rana ganye ya sha iska, ba da sassafe cikin raɓa ba. Sai ki ɗauki fartanya ki tada masu kunya ki fidda ma ruwa hanya, kada ya kwana gindinsu. Amma tsakani da Allah ko kin yi duk wannan, miyar sati biyu ko uku za ki ci, kada ki sa rai da abin da ya fi haka.

Maganar shuka kau akwai abin yi, lissafi ne kawai. Ruwanmu nan yakan ɗauke ƙarshen Satumba, in Allah ya yi mana gyaɗar dogo ya ɗan leƙa farkon Oktoba, kin ga kwana 30 zuwa 40 gare ki, sai laimar ƙasa da raɓa su ɗan ƙara maki. Alayyahu sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, sai dai ki gauraya irin da yashi kafin ki yafa don ƙanana ne ƙwarai, in ba haka ba wuri guda zai cunkushe ya yi sirara kamar tsinke. Lalo ma yana yi, rama ta ganye tana yi. Kuɓewa ki nemi gajerar nan mai sauri, ki jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, wajen kwana 50 ta fara ba ki, ƙarshe-ƙarshe dai sai kin taimaka mata da buta. Inda kika tuge tumatur ɗin ki jefa wake mai kwana 60 zuwa 70, an ɗan makara gaskiya, amma ko bai yi ɗiya da yawa ba ya gyara maki ƙasa, harawar kuma ki ba masu akuya su yi maki godiya.

Babban aikin watan ga dai ba wannan ba ne, rainon iri ne. Mutanen gari sun ɗauka in damina ta ƙare lambu ya ƙare, mu kau lokacin muke ɗaura ɗamara. Ki sami tsohon baho ko daro ki huda gindinshi, ki cika da ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, ki aje shi bakin baranda inda rana ke samu amma ruwan sama bai dukanshi. Satin farko na Satumba ki zuba tumatur da tattasai da attaruhu, tumatur sati huɗu ya isa dashe, su tattasai sai sun kai shida don suna da nawa. Albasa ki zuba cikin Satumba zuwa Oktoba, ita sati shida zuwa takwas, sai ta kai kaurin fensir. Latas da kabeji da karas da lansir ki dakata masu sai iska ta fara juyawa, su 'yan sanyi ne, karas kuma ba a dasa shi, inda kika shuka nan zai zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya Hajiya, wanda ya jira sai Nuwamba sannan ya fara neman iri, zafin Maris zai tadda tumatur ɗinshi yana fure ya kakkaɓe.

Goggon Daura

Ɗiyata sannu, Allah ya yi albarka. Ni daga Daura nake, jikata ce ta karanta min na ce ta ba ni wayar in ce wani abu. Malam mai lambu ya gama magana a kan tumatir ba ni da abin ƙarawa, ni abin da ya tsaya min a rai yakuwa da ramar da kika ce suna jikin katanga. Katangar ta ƙasa ce ko ta bulo? In ta ƙasa ce ki duba gindinta yau ɗin nan, watan marka shi ne watan faɗuwar gini, in kin yi kunya kusa da ita ruwa na taruwa yana jiƙa gindin kina zaune ba ki sani ba. Shekarun baya haka ta faru da ni, na shuka gurji a jikin garu ina jin daɗi, dare ɗaya muka ji rugugi, Allah ya sa ba kowa a wurin sai akurkin kaji. Ki bar taku guda tsakanin shuka da bango, ki yi wa ruwa hanya ya bi ta rariya.

Yakuwar nan kar ki tsige ta duka ki yi miya, ki zaɓi gindi uku ko huɗu ki daina taɓa kansu, in kaka ta yi za su yi fure su ba ki soɓorodo. Kuɓewar da kike da ita kuma kar ki bar ta ta wuce kwana biyu ba ki tsinka ba, in ta ga kin bar mata 'ya'ya sun ƙosa sai ta daina haihuwa. Sai dai gindi ɗaya wanda ya fi kowa kyau, shi za ki ɗaura masa tsumma ki ce wa yara wannan na iri ne, ki bar shi ya bushe a jiki sai ya fara tsagewa ki cire ki zuba a kwalba da ɗan toka ki toshe, baɗi ba ruwanki da sayen iri.

Shanya kuwa kar ki yi gaggawa. Yanzu in kin yanka kuɓewa kin baza sai ta yi baƙi ta yi funfuna don ba rana, ki bari sai hadari ya janye. Ganye irin su zogale da rama da yakuwa a inuwa ake busar da su inda iska ke wucewa, rana tana cinye musu kala da amfani. Af, ban ji kin ambaci zogale ba, gida babu zogale ai da sauran aiki. Ki roƙi maƙwabta reshe mai kauri tsawon kamu biyu ki kafa yanzu da ƙasa ke da laima zai kama, in ya yi tsawo ki sare kansa ya yi rassa kar ya tafi sama ya bar ki da ɗaga kai.

Ita kuma kabewar da kike jin haushinta ki bar ta, abin da ya fito a juji ai ya sami abinci. Ki dai riƙa ɗaga yaɗon da sanda kafin ki sa hannu, wannan lokacin macizai na son sanyin ƙarƙashinta, kuma ki duba kar nauyin 'ya'yan ya lotsa miki kwano.

Abu Sadik

Anti duk wannan dogon bayani ne, ki sayi fiya-fiya ki zuba murfi biyu a ruwa ki fesa, ki watsa musu uriya hannu ɗaya kowanne, kwana uku zaki ga sun miƙe. Ni haka nake wa masarata kuma lafiya lau. Oga kuma yana da gaskiya a maganar sauro fa, mu ma nan ba ma barci.

Malamin Gona

Abu Sadik don girman Allah kar ka sake ba wani wannan shawarar. Fiya-fiya ba maganin kayan miya ba ne, guba ce, kuma abin da ke damun tumatir ɗin Hajiya ba ƙwaro ba ne balle a ce za ta kashe shi. Tumatir ɗin da yara za su tsinka su kai baki ɗanye za ka ce a yi wa wanka da ita? Uriya kuma masara ce ke son ta da yawa, in ka ɗura wa tumatir mara lafiya hannu guda a cikin marka ganye mai laushi zai yi ta fitarwa, cuta ta ƙara samun wurin zama, rabin takin ma ruwa ya wanke shi ya tafi da shi tunda ƙasarmu jigawa ce ba ta riƙo.

Hajiya daga bayaninki ciwo biyu ne daban-daban kike fama da su. Mai ɗigo-ɗigon, ki ɗauko ganye ɗaya ki duba da kyau, in kin ga tabon yana da zobe-zobe a ciki kamar an zana da'ira cikin da'ira, to cutar funfuna ce da ke son ganye ya daɗe a jiƙe, daga ƙasa take farawa ta hau, kuma abin da Ɗan Lambu ya faɗa na tsinke ganye da ɗauri shi ne daidai. Akwai garin magani mai suna mankozeb da ake fesawa, amma rigakafi yake yi wa ganyen da bai kamu ba, ba ya dawo da wanda ya mutu, kuma a kan gindi goma sha ni ban ga ribar saye ba. In kin saya ki karanta kwanakin da aka rubuta a jiki da za ki jira kafin ki ci.

Masu yaushin ne suka fi damuna. Ki yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi: ki yanke karan ɗaya daga ƙasa-ƙasa, guntu kamar tsawon yatsa, ki sami kofin gilas ki zuba ruwa mai tsabta, ki riƙe guntun bakinsa ya ɗan nutse, kar ki motsa kofin. In bayan 'yan mintuna kin ga wani farin abu kamar zare ko hayaƙi yana sauka daga bakin yankan, to bakteriya ce ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi a cikin karan, shi ya sa yake mutuwa da ƙishi alhali yana tsaye cikin ruwa. Wannan ba shi da magani a shago, kuma yana zama a ƙasa shekaru. In ba ki ga komai ba, to wataƙila saiwar ce ta shaƙe saboda kwanciyar ruwa, wannan da sauƙi. Ki duba saiwar ma, in ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi to akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, suna son ƙasa mai yashi irin tamu, kuma kuɓewa ma suna kama ta.

Tsagewar 'ya'yan ba cuta ba ce, ruwa ne ya yi musu yawa lokaci guda cikin ya kumbura fatar ta kasa. Da sun fara sauya kala ki tsinke su ƙarasa nuna a ɗaki.

Abu ɗaya da zan ɗan saɓa da Ɗan Lambu shi ne lokacin zuba iri. Ni da zan ce ki bari sai tsakiyar Satumba ko bayanta. Farkon wata iska na da laima sosai, ƙananan tsiron sukan ruɓe daga wuya su kwanta dare ɗaya, sannan in kin dasa farkon Oktoba za ki faɗa cikin zafin kaka, wanda kowa ya san ba wasa ba ne a Katsina kafin hunturu ya sauko. Tumatir in zafin rana ya haura maki 32 zuwa 35 furensa zubewa yake.

Kuma ki yafa wa bahon tsohon gidan sauro tun ranar farko. Farar ƙudar nan ƙarama da ke tashi in an taɓa ganye ita ke kawo ciwon da ke nannaɗe ganye tumatir ya tsugune ya ƙi girma, kuma tun a wurin reno take sa masa. Ga kuma tsutsar nan Tuta absoluta da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir, wadda ta yi ɓarna a 2016 a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka take, cikin naman ganye take shiga ta yi ta cin hanya ya zama kamar farar leda, kuma ta fi ƙarfi in zafi ya shigo, wanda wannan ma dalili ne na kar a makara da yawa. Don ƙananan ƙwari irin darɓa, 'ya'yan bedi, wato darbejiya, sun isar miki: ki daka busassu kamar gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, ki tace ki ɗan sa sabulu ki fesa da yamma har bayan ganye, duk sati.

Maman Hibba

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Goggo katangar bulo ce amma ta maƙwabta da muka haɗa ta baya ta ƙasa ce, na je na duba wallahi gindinta ya jiƙe har ya fara zubowa, yanzun nan na sa yara suka buɗe rariyar da ta toshe da leda, Allah ya ƙara girma.

Malam na yi gwajin kofin. Na farko ban ga komai ba ashe hannuna ke rawa, da na jingina shi a bakin kofin na bar shi sai ga farin abin yana zirarowa kamar an ɗiga nono a ruwa, Hibba har tana ihu wai tumatir na fitar da madara. Saiwar dai ban ga ƙulli ba. Kenan wurin nan ya tashi aiki? Don gaskiya ba ni da wani filin. Sannan maganar iri tana ba ni tsoro, bara na sayi na latas a kasuwa irin wanda ake aunawa da murfin kwalba, mai kayan har da rantsuwa sabo ne, na yi ta ban ruwa sati biyu ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Kuma ruwa fa? In duk wannan lissafin na rani da garuwa zan yi shi anya tumatir ɗin bai fi na kasuwa tsada ba?

Malamin Gona

Wurin bai tashi aiki ba Hajiya, tumatir da danginsa ne kawai za su ƙaurace masa, wato tattasai da attaruhu da yalo da gauta da dankalin Turawa, duk gida ɗaya ne ciwonsu ɗaya, ki ba shi kamar shekara uku. Attaruhun da ke tsaye yanzu ki bar shi amma ki sa ido, kuma fartanyar da kika yi aiki da ita a wurin ki wanke kafin ki kai ta gindinsa. Albasa, latas, kabeji, karas, alayyahu, wake, masara duk za su zauna a wurin.

Tumatir ki koma buhu. Buhun shinkafa ko na taki ki wanke, ki naɗe bakinsa ya dawo rabi, ki huda ƙasan, ki cika da ƙasar da kika ɗebo daga wani wuri kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe fa, ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake. Ki ɗora buhun kan bulo kar saiwa ta huda ta shiga tsohuwar ƙasar. Gindi ɗaya a buhu ɗaya, sati biyu bayan dashe ki auna takin zamani na kamfa murfin kwalba ɗaya ki binne masa nesa da karan kaɗan.

Lissafin ruwa kuwa tambayarki tana kan hanya, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Ruwan da Katsina ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan duka cikin wata huɗu, ba kamar su Funtuwa da ke kaiwa wajen 1000 ba, daga Oktoba kuma sai abin da kika zuba da hannunki. Fangali mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya yana shan kusan lita 5 a rana da rani, buhun tumatir babba lita 1 zuwa 2. In kin ce za ki cika filin nan naki duka, jarka da yawa za ki riƙa saya a rana. Amma buhu 8 da fangali biyu na latas da albasa, jarka ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta riƙe su, musamman in kin rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Ki fara da abin da ruwanki zai iya.

Iri kuma araha ba ta ado. Ki sayi na fakiti ko gwangwani a rufe ki duba kwanan watan da ke jiki, UC82B da ake ce wa UTC ko Roma duk an saba da su a nan. Irin latas da na albasa ba sa jure ajiya a zafi, da wuya su kai shekara biyu da ƙarfinsu. Kafin ki zuba ki ƙirga ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa, bayan sati in 7 ko 8 sun tsiro to ki yi bismilla. In fakitin an rubuta F1, wato irin da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu daban, kar ki ajiye 'ya'yansa don iri, ba sa fitowa kamar uwarsu, dabarar Goggo ta kwalba da toka ta irin gida ce.

Ɗan Lambu

Malam na ji bayaninka kuma na ƙaru, gwajin kofin ga ban taɓa sani ba, mu dai in mun ga ya yi haka sai mu ce ƙasa ta gaji mu matsa gaba. Amma maganar a jira tsakiyar Satumba ban yarda duka ba. Ruɓewar wuya da kake faɗi yawan ban ruwa ne da cunkoso ke kawo ta, in an zuba iri layi-layi da ɗan tazara, an ƙona kara ko ƙaiƙayi bisa ƙasar kafin a zuba, kuma ba a ba shi ruwa da dare, lafiya lau yake tashi. Zafin Oktoba kau da yamma ake dashe, a kafa mashi ɗan ganye ko kwali ya yi mashi inuwa kwana uku, kafin ya isa fure sanyi ya fara shigowa. Masu yi a bakin madatsun ruwa na Ajiwa da Jibiya da Zobe ai ba duka suke jiran ruwa ya ɗauke ba, mai son ya riga kowa kai kaya kasuwa da wuri yake zubawa.

To amma ita Hajiya ba kasuwa za ta kai ba, don haka ga sulhu: ta raba irin biyu, rabi satin farko rabi bayan sati uku. In na farko ya kwanta ba ta yi asarar komai ba sai 'yan ƙwayoyi, in duka sun yi kau ba za su nuna mata rana ɗaya ba ta rasa yadda za ta yi da su. Kuma sati guda kafin dashe ta rage masu ruwa ta riƙa fiddo bahon rana sosai don su yi ƙwari, iri ɗan gata bai jure dashe.

Goggon Daura

Ɗiyata maganar ruwa kar ta tsorata ki, malamai sun yi lissafin jarka amma ba su lissafa ruwan da ke bin rariya kullum ba. Ki ajiye bokiti a wurin alwala, mutum nawa ne a gidan, sau biyar a rana? Ga na wankin shinkafa da na wanke ganye da na ɗauraye kwanuka na ƙarshe. Ni da shi na riƙe zogale da lansir shekara da shekaru. Na wanki mai kumfa da mai gishiri ko mai maiƙo ne kawai ban yarda a kai wa shuka ba.

Kuma tun yanzu da indararo ke zuba ki tara a duro ko randa ki rufe bakin ruf, nan ne maganar maigidanki take da ƙamshin gaskiya, ba ganyen ne ke haifar sauro ba, ruwan da ke kwance ne a gwangwani da tsohuwar taya da bahon da aka bari a buɗe. Ki zagaya ki kifar da su ki rage ciyawa, sai ki ga bakinsa ya mutu. In kuna da kaji ki nemi ƙaya ko tsohuwar raga ki kewaye bahon irin nan, don kaza ɗaya ta isa ta gama da aikin wata guda kafin ki idar da sallar walha.

Maman Hibba

Goggo kamar kina gidan, kaji biyar gare ni kuma su ne suka cinye min alayyahun farko. Yau dai na tuge guda huɗun na ƙara da uku da suka fi lalacewa, almajirinmu ya kai su can bola, sauran sha ɗayan na yi musu aski na ɗaure. Na yafa alayyahu a layi ɗaya, na jefa wake a inda masu yaushin suka tashi, kuɓewar na jiƙa sai gobe da safe. Baban Hibba da ya ga ina huda bahon wankan yara da ƙusa ya tsaya yana kallona, na ce masa na tumatir ɗin Disamba ne, bai ce komai ba ya wuce, can da yamma sai ga shi da buhuna shida a bayan mashin wai a wurin aikinsu ya gani za a zubar.

Baba Ɗan Lambu zan bi sulhun naka, rabi Asabar mai zuwa rabi bayan sati uku. Saura tambaya ɗaya, kabewar nan 'ya'yanta uku sun yi girma ɗaya ta kai kan mutum, ta yaya zan gane ta ƙosa, kar in yanke ta ɗanya?

Ɗan Lambu

Ki danna farce a jikinta Hajiya, in ya shiga da saura. Sai ɓawon ya yi tauri, hancin da ke riƙe da ita ya bushe ya koma kamar icce, sannan ki yanke ki bar mata ɗan guntun hancin a jiki, in ya ɓalle daga nan take fara ruɓewa. Ki aje ta inuwa bisa katako ba bisa siminti ba. Kuma ki sa yaro ya hau da tsani ya sauko da ita, kada ki ce za ki jawo ta da yaɗo daga ƙasa.